Bayleaf, gidan gona da ya yi ƙaura

Mutane suna ƙaura, bisashe suna ƙaura, har gari ma yakan tashi ya koma wani wuri. Amma ba kasafai ake jin gida ya yi ƙaura ba. A ƙasar Ingila akwai wani gidan gona da ya shekara fiye da 500 a wuri guda. Sa'an nan aka kwance shi, aka loda shi cikin manyan motoci, aka sake kafa shi a wani wuri mai nisan kamar kilomita 70. Sunan gidan Bayleaf, ana faɗinsa kamar "Belif". Ba sarki ya gina shi ba, manoma ne suka zauna cikinsa. Duk da haka, wanda ya san labarin wannan gida ya san abu mai yawa game da zaman mutanen karkara na Ingila, da yadda zaman ya yi ta sakewa.

Ƙasar da aka gina gidan

Ingila tana cikin wani babban tsibiri, arewa da Faransa. Wani siririn teku ne ya raba su. Babban birninta shi ne Landan. Kudu maso gabas da Landan akwai lardin Kent. A cikin wannan lardi, kamar kilomita 40 daga Landan, akwai wani ƙauye mai suna Chiddingstone, kusa da wani ɗan gulbi da ake kira Eden. A arewacin ƙauyen aka gina Bayleaf.

Ana kiran yankin Weald. Tsohuwar kalma ce, ma'anarta kurmi. Ƙasar wurin laka ce mai nauyi, kuma ana samun ruwan sama cikin kowane wata na shekara. Icen da ya fi yawa shi ne wanda Ingilishi ke kira oak, Faransawa kuma su ce chêne. Babban icce ne, mai ƙarfi, mai daɗewa.

Fiye da shekara 1000 da suka wuce, mutane sukan koro aladunsu cikin kurmin da kaka, don su ci ƴaƴan wannan icce. Sannu a hankali waɗansu suka zauna. Suka sare daji, suka yi ƙananan gonaki, kowace gona da shingenta na itatuwa. Shi ya sa gidajen yankin suke a warwatse, kowane manomi a tsakiyar gonarsa. A tsakiyar ƙauye kuwa sai majami'a, watau ɗakin ibadar Kirista, da kanti, da ƴan gidaje jere a bakin hanya.

Annobar da ta sake zaman mutane

A shekarar 1348 da 1349 wata mummunar annoba ta shiga Ingila. Ta kashe mutum ɗaya cikin uku, a waɗansu wurare ma rabin jama'a. Gonaki suka yi yawa, masu noma suka yi kaɗan. Kafin annobar, talakawa da yawa suna ɗaure da ƙasar iyayen gidansu. Ba su da ikon tashi, kuma dole su yi musu aikin gona kyauta. Bayan annobar sai ƴan ƙwadago suka fara neman ƙarin lada. A 1381 talakawan Kent da na maƙwabtansu suka yi tawaye saboda haraji, suka shiga har Landan a ƙarƙashin wani mutum mai suna Wat Tyler. An murƙushe tawayen, amma tsohon tsari bai sake komawa daidai ba.

Masu ƙasa suka ga ya fi musu sauƙi su ba da gonakinsu haya, a riƙa biyansu kuɗi. Ta haka manoma masu ƙwazo suka sami manyan gonaki, suka tara abin hannu, suka fara gina gidaje masu kyau. Bayleaf ɗaya ne daga cikinsu. Har yanzu akwai ɗaruruwan gidaje irinsa a Kent da maƙwabcinsa Sussex.

Yadda aka san shekarun gidan

Babu takardar da ta faɗi ranar da aka gina Bayleaf. Katakon gidan ne ya ba da shaida. Idan aka sare icce a ƙasashen sanyi, ana ganin zobba a cikin kututturensa. Kowace shekara icen yana ƙara zobe ɗaya. Shekara mai kyau tana barin zobe mai faɗi, shekarar wahala kuwa siriri. Masana suna gwada jerin zobban wani katako da na itatuwan da aka riga aka san shekarunsu. Da haka suke gane lokacin da aka sare icen.

Da aka yi wa Bayleaf wannan awo, sai aka gane an sare itatuwan babban ɓangarensa tsakanin 1405 da 1430. Masassaƙan lokacin suna aiki da ɗanyen icce, domin ya fi daɗin sassaƙa. Saboda haka ba a daɗe da sare itatuwan ba aka gina gidan. Ɓangare ɗaya kuma, wanda ɗakunan maigida suke ciki, daga baya aka ƙara shi.

Aikin masassaƙa

Ba magina ne suka tsai da gidan ba, masassaƙa ne. Da farko sun sassaƙa ginshiƙai da gungumen kwance a ƙasa. Inda biyu za su haɗu, sai su huda rami a jikin ɗaya, su fiƙe bakin ɗayan ya shige ramin. Sa'an nan su kafa turken icce ya riƙe su. Kowace mahaɗa suka yi mata alama da kurfi, don kada a rikice ranar tayarwa. Ranar kuwa sai an tara hannu da yawa, domin gungume ɗaya ya fi ƙarfin mutum biyu.

Da ƙashin gidan ya tsaya, sai aka saƙa tsumagu a tsakanin katakan, aka yaɓe su da yumɓu da aka kwaɓa da ciyawa. Rufin kuma na fale-falen yumɓu ne gasassu. Tagogi ba su da gilashi, domin gilashi yana da tsada ƙwarai a lokacin. Sanduna aka jera cikinsu, da marufan katako. Wanda ke son haske sai ya haƙura da sanyi, wanda ke gudun sanyi sai ya zauna cikin duhu.

Cikin gidan

A tsakiyar gidan akwai babban ɗaki. Ba shi da bene a kansa, daga ƙasa ana hangen rufi. A tsakiyar daɓen ake hura wuta. Hayaƙi ya tashi sama, ya fita ta ƙananan kafofin rufi. Shekara da shekaru hayaƙin yana bugun katakan sama, har kunkunniya ta mai da su baƙi ƙirin. Wannan kunkunniya ma shaida ce. Duk inda masana suka gan ta a rufin tsohon gida, sun san dā wuta a tsakar ɗaki take.

A babban ɗakin nan kowa ke cin abinci. Maigida da uwargida suna zama a teburin da ke can ƙurya, nesa da ƙofa, inda iska ba ta kai wa sosai. Barori suna zama wajen ƙofa. A gefen ƙofa akwai ƙananan ɗakuna biyu na ajiya, ɗaya na burodi da kwanoni, ɗaya na abin sha. A ɗayan gefen kuma, bayan teburin maigida, akwai ɗaki a ƙasa da ɗaki a bene, na iyalin gida. Ɗakin benen yana da ƴar salga da aka manna a jikin bango, tana leƙe a kan rami ta waje.

Abincin yau da kullum shi ne burodi, da cuku, da wani fate na wake da albasa da ganye da hatsi. Suna cin naman alade da aka sa wa gishiri, suna shan wata giyar sha'ir marar ƙarfi. Ba su san dankalin Turawa ba, ko tumatir, ko masara. Waɗannan daga nahiyar Amurka suka zo, bayan 1492.

Gona da masu aikinta

Takardun dā sun nuna cewa a ƙarni na 16 wani iyali mai suna Wells ne ke zaune a Bayleaf. Wanda aka fi sani cikinsu shi ne Thomas Wells. Gonar ta kai kamar hekta 40 zuwa 50. Ba tasu ba ce, hayarta suke biya ga masu babban gidan Bore Place da ke kusa. Amma a ƙauyen ana lissafa su cikin masu hali.

Manomin Weald ba ya dogara ga abu ɗaya. Yana shuka alkama da sha'ir da wake, da wani hatsi da ake kira oat, wanda ke jure laka da sanyi. Yana kiwon shanu da tumaki da aladu. Bijimai ne ke jan garma. Yana da kurminsa na itacen wuta da na gini. Babban abin tsoronsa shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ciyawa ba ta tsirowa, wani lokaci ƙanƙara ta rufe ƙasa. Saboda haka a watan Yuni da Yuli kowa yana fita yankan ciyawa, a shanya ta, a tara. A watan Nuwamba kuma a yanka bisashen da ba za a iya ciyarwa ba, a sa wa naman gishiri.

Aikin uwargida bai gaza na maigida ba. Tatsar nono, da kaɗa man shanu, da yin cuku, da gasa burodi, da kaɗi, da kula da lambun bayan gida, duk a hannunta suke. Barorin gida kuwa yawanci samari da ƴan mata ne na maƙwabta. Tun suna da shekara kamar 14 suke barin gidan iyayensu. Su yi alkawarin aikin shekara guda, a ba su ci da kwana da ɗan lada. Da haka suke koyon aiki, suna tara abin aure.

Gida da ƙauye

Ko da yake gidajen a warwatse suke, mutanen ba a rabe suke ba. Ran Lahadi kowa yana zuwa majami'ar Chiddingstone. Nan ake yi wa jariri baftisma, nan ake ɗaura aure, nan ake binne mamaci. Daga 1538, a zamanin Sarki Henry na 8, aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta waɗannan abubuwa uku cikin littafi. Irin waɗannan littattafai ne ke taimakon masu bincike su san sunayen mutanen ƙauye.

Ƙauyen ba shi da ƴan sanda, ba shi da ma'aikatan gwamnati masu albashi. Manoma masu hali ne ke ɗaukar ayyukan jama'a bi da bi, ba tare da an biya su ba. Wannan ya kula da zaman lafiya, wancan ya kula da gyaran hanya, wani ya tara taimakon matalauta. Da yawa cikinsu ba su iya rubutu ba, alama kawai suke yi a takarda. A 1601 aka kafa doka cewa kowane ƙauye ya tara kuɗi daga masu hali, ya ciyar da tsofaffinsa da marayunsa. A 1624 tsawa ta faɗa wa majami'ar Chiddingstone, gobara ta cinye yawancinta. Cikin ƴan shekaru aka sake gina ta.

A bayan gidajen ƙauyen akwai wani ƙaton dutse. Mutane suna cewa wai dā a gabansa ake tsawata wa masu laifi, wai daga nan sunan ƙauyen ya fito. Masana kuwa sun fi zaton sunan ya samo asali ne daga sunan wani mutumin dā.

Ba noma kaɗai ake yi a yankin ba. Akwai tama a ƙasar Weald, ga kuma itacen gawayi. Daga ƙarshen ƙarni na 15 aka kafa manyan matoyan ƙarfe, har ana zuba igwa. Wani iyali na Chiddingstone mai suna Streatfeild ya yi arziki da wannan sana'a, ya sayi gonaki da gidaje da yawa. Daga baya aka gano yadda ake narka tama da gawayin ƙasa a waɗansu sassan Ingila, sai matoyan Weald suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Wuta ta bar tsakar ɗaki

Cikin ƙarni na 16 mutanen Ingila suka fara gajiya da hayaƙi. Wani limamin Kirista mai suna William Harrison ya ba da labari a wani littafi da aka buga a 1577. Ya ce tsofaffin ƙauyensu sun ga abu uku sun sake a rayuwarsu. Na ɗaya, bututun hayaƙi sun yi yawa a kan gidaje. Na biyu, mutane sun bar kwana a kan buhun ciyawa, sun sami katifa da matashin kai. Na uku, kwanonin kuza sun maye gurbin akussan icce.

Bayleaf ma bai tsira daga wannan sakewa ba. Aka shimfiɗa bene a kan babban ɗakin, aka sami sabon ɗaki a sama. A 1636 aka gina bututun hayaƙi na gasasshen tubali. Gidan ya ƙara ɗumi da tsabta. Amma wani abu ya ragu. Dā wuta ɗaya ce ke tara maigida da bara. Da ɗakuna suka yi yawa, a gidaje irin wannan, sai iyali suka fara keɓewa, barori kuma suka koma wajen madafa.

Zamanin injuna

A ƙarni na 19 yawancin mutanen karkara ƴan ƙwadago ne marasa gona. Da hunturu, sussukar alkama ce ke ba su abinci. Sai aka kawo injin sussuka. A 1830 ƴan ƙwadagon Kent suka tashi, suka farfasa injuna, suka ƙone tarin ciyawa. Tashin ya bazu cikin kudancin Ingila. Gwamnati ta rataye mutum 19, ta kori kusan 500 zuwa Ostareliya.

A 1842 hanyar jirgin ƙasa ta ratsa kusa da Chiddingstone. Samari suka fara tafiya birni neman aiki. Ƙidayar 1851 ta nuna rabin mutanen Ingila a birane suke zaune. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarakta ta kori dawakin noma. Gonar da dā take bukatar mutum goma, yanzu mutum ɗaya ko biyu sun ishe ta. A 1939 wata ƙungiyar kare kayan tarihi mai suna National Trust ta sayi jerin tsofaffin gidajen tsakiyar ƙauyen, don kada a rushe su.

Ruwa ya zo, gida ya tashi

Birane suna girma, suna bukatar ruwan sha. Cikin shekarun 1960 wani kamfanin ruwa ya yanke shawarar gina madatsa a kwarin Bough Beech, arewa da Chiddingstone. Za a riƙa jawo ruwan Eden da hunturu, a tara shi cikin tabki mai faɗin fiye da hekta 100. Bayleaf yana cikin gidajen da aikin ya shafa. Ko a rushe shi, ko a ɗauke shi.

A lokacin akwai wani malamin tarihi mai suna Roy Armstrong. Ya ga yadda ake rushe tsofaffin gidaje don gina sababbin unguwanni, abin ya dame shi. A 1967 shi da abokansa suka kafa wani gidan tarihi na fili a Singleton, cikin lardin Sussex ta Yamma. Nufinsu su tara gidajen talakawa da ba za a iya ceto a wurinsu ba. Ya yi kama da yadda aka kafa irin gidajen gargajiya na Nijar a gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

A 1968 aka fara kwance Bayleaf. Aka zana kowane bango a takarda, aka sa wa kowane katako lamba, kamar yadda masassaƙan farko suka yi. Aka cire turakun icce, gidan ya rabu gunduwa-gunduwa. A 1972 aka sake tsai da shi a Singleton. Ba a mai da bututun hayaƙi da benen tsakiya ba. Aka shirya gidan kamar yadda ake zaton yake wajen 1540, da wuta a tsakar ɗaki, da lambu, da itatuwan marmari. Kusa da shi aka kafa wata tsohuwar rumfar ajiyar amfanin gona da aka ɗauko daga wani ƙauye.

Yau ana kiran wurin Weald and Downland Living Museum, kuma yana da tsofaffin gine-gine fiye da 50. Ƴan makaranta suna zuwa, su shiga Bayleaf, su shaƙi hayaƙi, su ga inda bara ke zama da inda maigida ke zama. An ceci katakon gidan. Gonakinsa da maƙwabtansa kuwa ba su bi shi ba, domin mota ba ta ɗaukar waɗannan. Abin da aka sani game da su, daga tsofaffin takardu aka same shi. Da ba a rubuta ba, da ba a adana ba, da sunan Wells ya ɓace kamar na dubban manoma irinsa.

Ma'anar kalmomi

Ƙarni: shekara 100. Ƙarni na 16 ya fara daga 1501 zuwa 1600.
Kunkunniya: baƙin da hayaƙi ke bari a jikin rufin ɗaki.
Tama: dutsen da ake narkawa a fid da ƙarfe.
Madatsa: ginin da ake tare ruwa da shi don ya taru.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka gina Bayleaf, kuma kusa da wane ƙauye?
2. Ta yaya annobar 1348 ta taimaki waɗansu manoma su sami manyan gonaki?
3. Yaya masana suka gane shekarun gidan?
4. Me ya sa manomin Weald yake tsoron hunturu? Wane tanadi yake yi?
5. Me aka samu, me kuma aka rasa, da wuta ta bar tsakar ɗaki?
6. Shekara nawa ke tsakanin 1636 da 1972?

Aiki

Ku nemi gidan da ya fi tsufa a garinku ko unguwarku. Ku gai da tsofaffin gidan, ku tambaye su wanda ya gina shi, da abin da aka gina shi da shi, da gyaran da aka yi masa. Ku zana shi, ku rubuta abin da kuka ji, ku kawo aji a karanta.